Hunturu a gidan kula da tsofaffi: abin da allurar rigakafi ke tarewa da abin da ba ta tarewa

A ƙarshen watan Fabrairun 2020 aka tabbatar da cutar korona a jikin wata dattijuwa da ke zaune a wani gidan kula da tsofaffi a garin Kirkland, jihar Washington ta Amurka. Zuwa ranar 18 ga Maris, mutum 167 aka ƙirga sun kamu ta dalilin wannan gida ɗaya tal: mazauna 101, ma'aikata 50, masu ziyara 16. Cikin mazaunan 34 sun rasu, wato kusan ɗaya cikin kowane uku. Da masu bincike suka bi sawu, ba wani abin mamaki suka tarar ba. Ma'aikata suna zuwa aiki da tari a ƙirjinsu, wasunsu suna aiki a gida fiye da ɗaya, kayan kariya ba su wadata ba, kuma an daɗe ana ganin masu zazzaɓi da tari ba a gane abin da ke faruwa ba.

A ƙasar Hausa tsoho a gidansa yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki, don haka wasu za su ga maganar nan ba ta shafe mu ba. Sai dai tun da Birtaniya ta buɗe bizar masu aikin kula da tsofaffi a watan Fabrairun 2022, mutanen Najeriya da Ghana masu yawa suka shiga wannan sana'a, kuma su ne ke tsaye a bakin gadon tsoho da ƙarfe uku na dare lokacin da numfashinsa ya fara sauyawa. Da su nake magana da farko, sai kuma duk wanda ke son sanin yadda aikin yake.

Gidan kula da tsofaffi wuri ne da cututtukan numfashi ke jin daɗinsa. Mutum talatin ko sittin ko ɗari ne a rufin ɗaki guda, yawancinsu sun haura tamanin, da ciwon zuciya ko na huhu ko sukari ko ƙoda. A falo ɗaya suke cin abinci, a nan suke kallon talabijin, an rufe tagogi saboda sanyi. Mai kula guda ɗaya zai ɗaga wannan, ya yi wa wancan wanka, ya ba na uku abinci a baki, fuskarsa ba ta fi taku ɗaya daga tasu ba. Mazaunan kuwa ba fita suke yi ba. Saboda haka cutar ba a ciki take tsirowa ba, ta ƙofa take shigowa: a jikin ma'aikaci, ko ɗan ziyara, ko wanda aka sallamo daga asibiti. Na ƙarshen nan ya yi wa Ingila mummunar illa. Tsakanin 17 ga Maris da 15 ga Afrilun 2020 an kwashe majinyata kusan 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen kula da tsofaffi, a lokacin da ba a wajabta gwada kowa kafin sallama ba, kuma a watan Afrilun 2022 babbar kotu ta ce tsarin ya saɓa doka domin bai yi la'akari da masu ɗauke da cutar ba tare da alama ba.

Cututtuka uku ne ke da allurar rigakafi a wannan fage: infuluwenza, wato mura mai tsanani, da korona, da RSV, wata ƙwayar cuta mai kama hanyoyin numfashi. Akwai wasu da ba su da ita, irin su hMPV da aka gano a Holan a 2001 da ƙwayoyin murar yau da kullum, waɗanda su ma suna iya kayar da tsoho mai rauni. A ido duk kamarsu ɗaya. Babu nas ɗin da za ta dubi mai tari ta ce wannan RSV ce ba infuluwenza ba, sai an gwada.

Tsoho ba ya yin mura irin ta yaro

Wannan shi ne wurin da aka fi yin asarar lokaci. Ana jiran a ga jiki ya yi zafi rau, ga majina, ga ciwon kai. Wanda ya kai tamanin da biyar sau da yawa ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Abin da za a gani shi ne ya bar rabin abincinsa, ko ya yi barci har azahar, ko ya faɗi a hanyar banɗaki, ko ya fara kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa alhali jiya da hankalinsa. Wanda ya saba riƙe fitsari sai ya jiƙa gado. Mai kula da ya san mutum shi ne ke fara cewa “yau dai ba shi ba ne”, kuma wannan magana ta cancanci a ɗauko ma'aunin zafi nan take.

Ma'aunin zazzaɓin ma daban yake. Ga mazauna irin waɗannan gidaje, likitocin cututtuka masu yaɗuwa a Amurka suna ɗaukar zafin da ya wuce digiri 37.8 a awo ɗaya ta baki a matsayin zazzaɓi, ko wanda ya wuce 37.2 idan an maimaita awon ana samun haka, ko kuma ƙarin da ya haura digiri 1.1 a kan abin da jikin mutumin ya saba. Ma'ana dole a san abin da ya saba ɗin. Tsohuwar da kullum take 36.0, idan ta kai 37.3 tana da zazzaɓi, ko da takarda ta nuna lambar da ba ta tayar da hankalin kowa. Wanda kuma ake ba farasitamol sau huɗu a rana saboda ciwon gaɓɓai, zazzaɓinsa a ɓoye yake tun farko.

A ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, ba a ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar a ninka ba, domin numfashin tsoho ba ya tafiya daidai. Idan ya kai 25 a minti, a yi zargin nimoniya, wato ciwon huhu. A sa na'urar auna iskar oksijin a yatsa, amma a ɗumama hannun tukuna, a goge jan farce in akwai. Ƙasa da kashi 90 cikin ɗari magana ce ta gaggawa, sai dai ga masu tsohon ciwon huhu da likita ya riga ya ƙayyade musu 88 zuwa 92. Na'urar nan kuma tana da wani aibi da ya shafe mu: a kan baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya, kamar yadda wani bincike da aka buga a ƙarshen 2020 ya nuna. Idan na'ura ta ce 94 amma mutum yana haki, a yarda da hakin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga tsohuwa ta ruɗe, a tsoma tsinken gwaji a fitsarinta, ya sauya launi, a ce ciwon mafitsara ne, a ba ta maganin kashe bakteriya. Tsofaffi da yawa a waɗannan gidaje suna da bakteriya a fitsari ba tare da wata cuta ba, shi ya sa ƙa'idar Ingila ta ce kada a dogara da wannan tsinke ga wanda ya haura 65. Kwana uku ana maganin fitsari, infuluwenza tana zagaya falon cin abinci.

Wace allura, kuma me za ta iya

Garkuwar jiki tana tsufa kamar yadda gwiwa ke tsufa. Allurar da za ta sa jikin ɗan shekara talatin ya samar da kariya mai ƙarfi, a jikin ɗan tamanin amsar ba ta kai haka ba, kuma ta fi saurin dusashewa. Shi ya sa ba kowace allurar infuluwenza ce ta dace da tsofaffi ba. Ta yau da kullum tana ɗauke da maikurogiram 15 na sinadarin kowane nau'in ƙwayar cutar. Fluzone High-Dose tana da 60, ninki huɗu ke nan. Flublok tana da 45 kuma ba a ƙwai ake haɗa ta ba. Fluad kuwa adadinta 15 ne, amma an ƙara mata wani sinadari mai suna MF59 da ke zaburar da garkuwar jiki. Tun 2022 Amurka ta ce a fifita ɗaya daga cikin ukun nan ga duk wanda ya kai 65, in ba a samu ba a yi da wadda ke hannu, kada a zauna jira.

Akwai hujja a bayan wannan. A wani gwaji da aka buga a 2014, wanda ya ƙunshi tsofaffi kusan 32,000, mai ninki huɗu ta fi ta yau da kullum kariya da kashi 24 cikin ɗari. Wani kuma da aka yi a gidajen kula da tsofaffi 823 a Amurka a hunturun 2013 zuwa 2014 ya nuna waɗanda aka kwantar a asibiti saboda matsalar numfashi kashi 3.4 ne a gidajen da aka yi mai ƙarfi, 3.9 a sauran. Wani zai ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba. A gida ɗaya ba za a gan shi ba, gaskiya ne, amma a dubban gidaje gadajen asibiti ne masu yawa.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ga iyalai. Ko a shekarar da allurar ta dace da nau'in da ke yawo, kariyarta daga kamuwa tana tsakanin kashi 40 zuwa 60 ne a cikin jama'a, kuma a tsofaffi takan gaza haka, musamman a shekarar da nau'in H3N2 ya yi rinjaye. Don haka gidan da aka yi wa kowa allura zai iya samun ɓarkewar cuta, kuma yana samu. Amfaninta shi ne wanda da asibiti za a kai shi ya yi jinyarsa a ɗakinsa, wanda da zai mutu ya tashi. Manajan da ya ɗauka allura ta rufe masa ƙofa, shi ne wanda cuta za ta iske ba shiri.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Jiki yana bukatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kankama. A Amurka watan Satumba da Oktoba aka fi so, a Ingila kuma an mayar da farawar manya zuwa farkon Oktoba. Yi wa tsoho a watan Yuli ko Agusta gaggawa ce mara amfani, domin kafin Fabrairu ƙarfinta ya ragu alhali cutar na kan ganiyarta. Wanda aka kawo gidan a watan Disamba ko Janairu kuwa, a duba takardunsa ran da ya iso. Waɗannan sababbin zuwa su ne aka fi mantawa da su, saboda “ranar allura” ta riga ta wuce.

RSV an daɗe ana ɗaukarta cutar jarirai ce, alhali tana kwantar da tsofaffi masu ciwon zuciya da huhu sosai. Sai a watan Mayun 2023 aka amince da allurarta ta farko a Amurka, Arexvy, sai Abrysvo a ƙarshen watan, sannan mResvia a 2024. A watan Yunin 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a yi wa duk wanda ya kai 75, da kuma 'yan 60 zuwa 74 masu ƙarin haɗari, kuma zama a gidan kula da tsofaffi yana cikin abin da aka lissafa a matsayin haɗari. Ingila ta fara nata shirin ranar 1 ga Satumban 2024 da 'yan 75 zuwa 79. Abin lura: ba allurar kowace shekara ba ce, sau ɗaya ake yi a halin yanzu, don haka a rubuta ta inda za a gani kada a maimaita. Arexvy da Abrysvo gari ne ake haɗawa da ruwansa, kuma in an haɗa dole a yi amfani da su cikin awa huɗu. Tun Janairun 2025 takardarsu tana ɗauke da gargaɗi kan wata cutar jijiyoyi da ba a cika samu ba mai suna Guillain-Barré, saboda haka raunin ƙafafu da ke hawa sama a makonnin bayan allura abin kai wa likita ne. Ita RSV ba ta da wani maganin sha da ake ba tsofaffi idan sun kamu, abin da ya sa allurarta ta fi nauyi a ma'auni.

Korona kowa ya san labarinta. Margaret Keenan, mai shekara 90, ita aka fara yi wa allurar Pfizer a Coventry ranar 8 ga Disamban 2020, kuma mazauna gidajen tsofaffi da masu kula da su aka sa a sahun farko. Abin da aka koya daga baya shi ne kariyarta tana raguwa cikin watanni, shi ya sa Birtaniya ke yi wa mazauna waɗannan gidaje sau biyu a shekara, da kaka da kuma bazara. A haɗa da allurar nimoniya ga wanda bai taɓa yi ba, domin sau da yawa ba murar ce ke kisa ba, bakteriyar da ke biyo bayanta ce.

Sai maganar ma'aikata, wadda ta fi kowacce sarƙaƙiya. A wani gwaji a Sukotlan da aka buga a 2000, an raba asibitocin jinyar tsofaffi 20 gida biyu. A rabi an yi wa ma'aikata tayin allurar infuluwenza, kusan rabinsu suka karɓa, a ɗaya rabin ba a yi ba. Mace-macen majinyata ya kasance kashi 13.6 a na farko, 22.4 a na biyu. Masana da dama sun ce ratar ta yi yawa a jingina ta ga allura kaɗai, kuma ina ganin suna da gaskiya. Amma hankali ma ya isa: tsohon da jikinsa ba ya amsa allura sosai, kariyarsa tana ga lafiyar wanda ke sunkuyawa a kansa. Tilastawa dai ba ta yi kyau ba. Ingila ta wajabta allurar korona ga ma'aikatan gidajen nan a watan Nuwamban 2021, ta janye a watan Maris na 2022, a lokacin da ƙarancin ma'aikata ya addabi sana'ar. Abin da ya fi aiki shi ne a kawo allurar har wurin aiki, kyauta, a kowane zango har da na dare da na ƙarshen mako, a kuma tanadi wanda zai amsa tambaya ba tare da raini ba. Ga Musulmin da ke tambayar kitse ko ƙashin alade: sinadarin jelatin da ake samu daga alade yana cikin maganin fesawa a hanci da ake ba yara a Birtaniya, allurar hannu ta manya ba ta da shi.

Ranar allura

Allura mai kyau tana lalacewa tun a firji. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, a tsakiyar firjin, ba a ƙofa ba, ba kuma manne da bangon baya ba inda take iya daskarewa. Wadda ta daskare ta tashi aiki ko da ta narke ta koma kamar lafiyayya. A riƙa karanta mafi ƙanƙanta da mafi girman zafin da firjin ya kai, a rubuta, a sake saita ma'aunin. Firjin abincin ma'aikata ba wurin allura ba ne.

A tsokar kafaɗa ake yi, kamar yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin saman kafaɗar, tsinin allurar a miƙe. Idan aka yi sama da yawa sai ta shiga gaɓar, mutum ya yi watanni bai iya ɗaga hannu ba, ga tsohon da ke dogara sanda kuwa wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tsini mai tsawon milimita 25 ya ishi yawancin mutane, mai jiki sosai yana bukatar 38. Wanda ya rame har kafaɗarsa ta zama fata da ƙashi, a tattaro tsokar ko a koma cinya. Masu shan maganin tsinka jini ana yi musu, da siririn tsini, a danne wurin minti biyu ba tare da murzawa ba. Ana iya yin infuluwenza da korona rana ɗaya, hannu daban-daban, ko a bar tazarar santimita biyu da rabi in hannu ɗaya ne. Ƙaramar mura ba ta hana allura, zazzaɓi mai ƙarfi ne ke sa a ɗaga. A tanadi adirenalin a kusa, miligiram 0.5 a tsokar cinya ga babba idan jiki ya yi mummunan tawaye ga allurar, a kuma sa ido a kan kowa na minti 15.

Izinin mai gigin tsufa shi ke cin lokaci. Neman wakilinsa na doka ko zama da iyali kan abin da ya fi masa alheri aikin watan Agusta ne. In aka bari sai mai allura ya iso, za a tsallake mutum biyar ko shida, kuma su ne mafiya rauni a gidan.

Kwana biyun farko

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai faru a ɓarkewar cuta an riga an yanke shi tun kafin sanyi ya shigo, ta hanyar wasu 'yan takardu marasa daɗin cikawa: nauyin kowane mazauni na kwanan nan, sakamakon gwajin ƙodarsa, jerin magungunansa, izinin likita da aka rubuta tun da wuri, da lambar kantin maganin da zai iya kawo kaya ranar Asabar da dare. Ga dalili.

Ƙa'idar CDC ita ce, idan mazauna biyu suka kwanta cikin awa 72 kuma aka tabbatar da infuluwenza a jikin ɗaya, a fara ba dukkan mazaunan wannan sashe maganin oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, ko an yi musu allura ko ba a yi ba. Marar lafiya miligiram 75 sau biyu a rana har kwana biyar, kuma ya fi amfani in an fara cikin awa 48, don haka ba a jiran sakamakon gwaji idan zargin ya yi ƙarfi. Wanda bai kamu ba miligiram 75 sau ɗaya a rana, na aƙalla mako biyu, a ci gaba har kwana bakwai bayan mutum na ƙarshe da ya kwanta. A Birtaniya kwana goma aka saba bayarwa. Matsalar ita ce ta ƙoda maganin ke fita. Idan tacewar ƙoda tana tsakanin 30 da 60, sai a koma miligiram 30 sau biyu ga marar lafiya, sau ɗaya ga mai kariya. Tsakanin 10 da 30 kuwa, miligiram 30 sau ɗaya a rana ga marar lafiya, kwana ɗaya bayan ɗaya ga mai kariya.

A ɗauki tsohuwa mai shekara 85, nauyinta kilo 45, kiriyatinin ɗinta, wato gwajin jini na aikin ƙoda, 1.0, lambar da ke kama da ta mai ƙoshin lafiya. A lissafin Cockcroft-Gault, wanda ke ƙiyasta tacewar ƙoda, a cire 85 daga 140, a ninka da 45, a raba da 72 sau kiriyatinin ɗin, wato 72, a ninka da 0.85 saboda mace ce. Abin da zai fito 29 ne. Tana rukunin ƙasa ke nan, cikakken adadi zai yi mata yawa ƙwarai. A yi tunanin yin wannan lissafi ga mutum arba'in a daren Juma'a, rabinsu ba a auna nauyinsu ba tun bazara. Nan ne awa 48 ke tafiya. A ba da maganin tare da abinci don rage tashin zuciya, wanda ba ya iya haɗiya kuma akwai na ruwa.

Idan korona ce, Paxlovid cikin kwana biyar na farko, shi ma ana rage shi ga mai raunin ƙoda. Haɗarinsa yana ga karo da wasu magunguna: simvastatin, amiodarone, rivaroxaban, carbamazepine da wasu da dama, waɗanda duk sun cika akwatin maganin tsofaffi. Dole mai harhaɗa magani ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya.

Gwaji a yi shi da wuri, cikin kwana uku zuwa huɗun farko, kuma a nemi gwajin ɗakin bincike na PCR mai duba cututtukan uku a tsinke ɗaya. Gwajin gaggawa na infuluwenza yana kama kamar rabi zuwa kashi 70 ne na masu cutar, na RSV a jikin manya ya fi haka rauni. In ya ce akwai, a yarda. In ya ce babu, kada a saki jiki. A tuna kuma da abin da aka gano a wani gida a yankin Seattle a 2020: cikin mazauna 48 da gwaji ya nuna suna da korona, 27 ba su da wata alama ran da aka gwada su, 24 daga cikinsu sai daga baya ta bayyana. Infuluwenza ma tana fara yaɗuwa kamar kwana ɗaya kafin alama.

A buɗe takarda ɗaya ta lissafi tun daga mutum na farko: suna, ɗaki, ranar da abin ya fara, alamomi, allurar da aka yi masa, ranar gwaji, sakamako, magani. A sa ma'aikatan da suka kwanta a ciki. Ita ce za ta nuna cewa duk masu tarin tebur ɗaya suke cin abinci, ko kuwa ma'aikaci ɗaya ne ya yi musu aikin dare. A sanar da hukumar lafiya ta yankin a ranar.

Marar lafiya ya zauna a ɗakinsa. Ga infuluwenza kwana bakwai daga farawa, ko awa 24 bayan zazzaɓi da tari sun lafa, duk wanda ya fi tsawo. A dakatar da cin abinci tare da taron falo a sashen da abin ya shafa, a tsayar da ma'aikata kowa a sashensa, har masu shara da masu rabon shayi. Wajen cire kayan kariya aka fi gurɓata: safar hannu ake fara cirewa, takunkumi a ƙarshe ta igiyarsa, ana tsabtace hannu a tsakani. Takunkumin N95 ko FFP3 ba ya kama fuska mai gemu, iska ta gefe take shiga, don haka mai gemu ya faɗa wa manaja tun kafin buƙata ta taso a nema masa irin hular nan mai injin tace iska. Hannun ƙofa, ƙarfen gado, abin sauya tasha da maɓallin kira a goge su da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1, wato awo ɗaya na bilicin kashi 5 a cikin awo 49 na ruwa, a haɗa sabo kullum. A riƙa buɗe tagogi na 'yan mintuna lokaci-lokaci ko da sanyi, a lulluɓe mutane.

A takarda duk wannan mai sauƙi ne. Mai gigin tsufa da ya saba zagaya baranda ba zai zauna a ɗaki don an liƙa sanarwa a ƙofarsa ba, kulle shi kuma ba tare da izinin hukuma ba haramun ne a doka. Abin da ake yi shi ne a ware masa wani yanki da zai yi yawonsa, a riƙa goge masa hannu, a rufe ƙofofin mafiya rauni, in da hali a ba shi mai kula nasa shi kaɗai. Wanda aka killace kuma a riƙa auna abin da ya sha, domin a falo ana miƙa masa shayi sau biyar, a ɗaki kofi ɗaya zai wuni a gefen gado. Ƙishirwa ga mai shan maganin sa fitsari ko maganin sukari na metformin tana iya taɓa ƙoda cikin kwana biyu, likita ya duba ko za a dakatar da su na ɗan lokaci. A tashe shi ya zauna a kujera, ya ɗan taka, domin mako guda a kwance yana iya raba tsoho da tafiya har abada. Ziyara kuwa, hukumomi a Amurka da Ingila sun dawo daga rakiyar rufe ƙofa ruf bayan abin da kaɗaici ya yi wa mutane a 2020. Ɗan ziyara ya sa takunkumi, ya wanke hannu, ya wuce ɗakin nasa kai tsaye.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi girma ita ce albashi. An shafe shekaru da yawa a baya kuɗin jinya na doka a Birtaniya ba ya farawa sai rana ta huɗu, ma'aikata da dama a Amurka kuma ba su da shi sam. Mai kula da ke biyan haya, yana aika kuɗi gida, bizarsa kuma tana hannun mai gidan aikin, zai sha farasitamol ya zo. Gidan da ke son ma'aikaci mai zazzaɓi ya zauna har awa 24 bayan zafin ya sauka ba da taimakon magani ba, to ya biya shi kwanakin, ya kuma tambayi ma'aikatan haya inda suka yi aiki jiya.

Ana ci gaba da duba kowane mazauni kullum har mako guda bayan mutum na ƙarshe idan infuluwenza ce, korona kuma a Amurka sai an yi kwana 14 ba sabon kamu. A cikin waɗannan kwanaki a fi sa ido a kan wanda ya ji sauƙi, ya fara cin abinci, sannan a rana ta biyar ko ta bakwai zazzaɓi ya dawo da kaki mai kauri da saurin numfashi. Wannan nimoniyar bakteriya ce ta hau kan murar, kuma a ranar ake kiran likita.